Tauraro Ɗaya ko Biyar: Me Mutane Ke Aunawa a Labaran Tsoro, Soyayya da Tsofaffin Finafinai?

A watan Yunin 2018 aka saki wani fim ɗin ban tsoro a Amurka mai suna Hereditary. Masu sharhin finafinai a jaridu suka yi masa ruwan yabo, wasu har suna cewa an jima ba a ga irinsa ba. To akwai wani kamfani, CinemaScore, wanda sana'arsa ita ce tare 'yan kallo a daren farko ya tambaye su makin da za su ba abin da suka gani, daga A zuwa F, kamar sakamakon jarrabawa. Mutanen da suka biya kuɗinsu suka shiga silima a wannan dare D+ suka ba shi. Fim ɗaya, mako ɗaya, amma sai ka rantse abubuwa biyu daban aka nuna wa ɓangarorin nan.

Duk mai bibiyar ra'ayoyin jama'a kan littattafai da finafinai ya saba cin karo da irin wannan. Wani ya ce littafi ya hana shi barci kwana uku, na kusa da shi ya ce hamma ya yi ta yi har shafin ƙarshe. Amsar da aka saba bayarwa ita ce kowa da abin da yake so, shi ke nan a rufe zance. Ni wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, domin ba ta faɗi dalilin da ya sa saɓanin ya fi tsanani a wurare uku ba: littattafan ban tsoro, littattafan soyayya, da tsofaffin finafinan da aka daɗe ana girmamawa.

Abin da na fahimta shi ne, kowane labari da alkawarinsa yake zuwa, tun daga hoton bango da suna da yadda aka tallata shi. Alkawari kuwa kaya ne. Mafi yawan abin da muke kira ra'ayi, rahoto ne mutum ke bayarwa kan ko an sauke masa kayan nan ko ba a sauke ba. Waɗannan nau'o'i uku kuma, kowanne alkawarinsa daban, mai yin alkawarin ma daban.

Marubucin labarin ban tsoro ya ɗauki nauyin da ba kowane marubuci ke ɗauka ba, domin jikinka ya yi wa alkawari. Tsigar jiki ta tashi, gaba ya faɗi, ka waiga bayanka alhali ka san kai kaɗai ne a ɗakin. Jiki magayi, ba a yi masa gardama. In bai ji ba to bai ji ba, ko da masana dubu sun taru sun ce littafin ya kai littafi.

Sai dai shi tsoron ba iri ɗaya ba ne, kuma an daɗe da gane haka. Ann Radcliffe, marubuciyar Ingila da ta yi tashe a shekarun 1790, ta bar wani rubutu da aka buga a 1826, bayan rasuwarta, inda ta raba abin gida biyu. Akwai fargaba, wato zaman jiran abin da ba ka gani ba tukuna: motsi a bayan labule, takun ƙafa a ɗakin da babu kowa. Wannan a ganinta yana farkar da hankali, ya sa tunani aiki. Akwai kuma firgici, lokacin da aka yaye labulen ka ga abin ƙuru-ƙuru, wanda ke daskarar da mutum wuri ɗaya. Stephen King, a littafinsa na nazari Danse Macabre na 1981, ya kawo na uku, wato ƙyanƙyami: jini, ruɓa, abin da ke tayar da zuciya. Da bakinsa ya ce fargaba yake fara nema, in ta gagara ya koma firgici, in shi ma ya ƙi sai ya sauka zuwa ƙyanƙyami.

Da wannan rabon a hannu, rigimar Hereditary ba ta da wuyar warwarewa. Da yawa daga masu zuwa daren farko razana suka zo saye, a zabure su kowane minti goma su yi ihu su yi dariya. Fim ɗin kuma ya shafe dogon lokaci kan wani iyali da baƙin cikin mutuwa ke ci a hankali, fargaba tana taruwa kamar hadari. Mai sharhin da ya gaji da finafinan zabura ya ga abin da ya daɗe yana nema. Mai kallon da ya zo don zabura ya ga an ci amanarsa. Babu maƙaryaci a cikinsu.

Akwai kuma batun awo. A jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark akwai masu binciken da suka duƙufa kan dalilin da ke sa mutane neman tsoro da kansu. A wani nazari da suka fitar a 2020, sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, suka bi su cikin wani gidan wasa da aka shirya don tsoratarwa. Abin da suka gano shi ne daɗin yana tsakiya. In tsoron ya yi kaɗan gundura ce, in ya yi yawa azaba ce, kuma inda tsakiyar take ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wanda ya karanta littattafan tsoro ɗari fatarsa ta yi kauri. Wanda yau ya fara, ƙarar ƙofa ma ta ishe shi. Uwar da ke da jariri a gefenta ba za ta karanta labarin ɓatan yaro kamar yadda ɗan shekara 17 zai karanta ba. Wanda ya yi imani da aljanu, fim irin The Exorcist na 1973 maganar abin da zai iya faruwa yake yi masa, wanda bai yi imani ba kuwa kwalliyar fuska da dabarun kyamara yake kallo. Shi ya sa kalmar "bai ba ni tsoro ba", wadda ita ce ta fi yawa a bakin masu kushe, gaskiya ce tsantsa game da mai maganar, amma kaɗan take gaya maka game da littafin.

Ko marubuci da darakta ma sukan saɓa a kan wannan. King ya fitar da The Shining a 1977, Stanley Kubrick ya mayar da shi fim a 1980, kuma yau mutane da dama na lissafa fim ɗin cikin mafiya kyau a fagensa. King bai so shi ba, bai kuma ɓoye ba. Kukansa shi ne a littafin mutumin kirki ne mai rauni ke lalacewa a hankali, shaye-shaye da fushi suna cin sa, kana tausayinsa kana tsoronsa. A fim ɗin kuwa, tun fitowar farko ka ga alamar taɓin hankali a idon jarumin. Har ya kai ga rubuta nasa fim ɗin na talabijin a 1997. A wannan gardama ni ina tare da King a kan halin jarumin, ko da yake hotunan Kubrick ba sa fita daga kai. Masu karatun da ke cewa littafin ya fi, yawanci wannan tausayin suke nema su rasa.

In aka zo kan littattafan soyayya, alkawarin a rubuce yake. Ƙungiyar marubuta labaran soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta daɗe da gindaya sharuɗɗa biyu: soyayyar ita ce ƙashin bayan labarin, sannan a ƙare da farin ciki. Kamfanonin da suka gina kasuwar, Mills & Boon da aka kafa a Landan a 1908, da Harlequin na Kanada da aka kafa a 1949 wanda ya saye na farkon a 1971, a kan wannan tabbaci suka tara masu karatu. Mai saye ta san inda za a sauka tun kafin ta buɗe shafin farko.

Nan ne masu kushe ke samun abin faɗa. Me za a karanta a labarin da an san ƙarshensa? Tambayar tana da sauƙin amsa in aka juya ta. Mai karanta labarin jami'in bincike ya san za a kama mai kisan, amma ba wanda ke yi masa gori. Daɗin yana cikin hanya: yaya mutum biyu da girman kai ko tsoro ko dangi suka raba za su iso ga juna, kuma shin marubuciyar za ta sa ka yarda cewa sun cancanci hakan? Wannan aiki ne mai wuya, kuma masu karatun nau'in sun fi kowa iya gane wanda ya iya da wanda ya yi ha'inci.

Wata malamar jami'a a Amurka, Janice Radway, ta yi abin da masu sharhin zamaninta ba su damu su yi ba, ta je ta tambayi masu karatun da kansu. Littafinta Reading the Romance na 1984 ya ginu ne kan mata 42 a wani gari, yawancinsu matan aure masu 'ya'ya. Ta tarar suna da ma'auni mai tsauri. Suna son jaruma mai hankali da kaifin baki, suna ƙin jarumin da muguntarsa ta wuce gona da iri, da yawansu kuma sukan leƙa shafin ƙarshe kafin su saya don kada a yaudare su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin karatun nasu. Macen da ta wuni tana hidimar kowa, ɗaukar littafin nan shi ne lokacin da take cewa wannan sa'ar tawa ce. Duk wanda zai yi wa irin wannan karatu dariya, ya kamata ya fara sanin abin da yake yi wa dariyar.

Rainin kuwa tsoho ne. Jane Austen, a cikin Northanger Abbey da ya fito a 1817, sai da ta dakatar da labarinta ta kare littattafan ƙirƙira daga masu ganin karatun 'yan mata ne marasa aikin yi. Fiye da shekara 200 ke nan, kuma har yau abin da mata suka fi karantawa shi ake fara yi wa kallon banza. Ina ganin kaso mai tsoka na mummunan ra'ayi kan littattafan soyayya daga waɗanda ba su taɓa gama ko ɗaya ba yake fitowa.

Fushin masoya nau'in kuma wani abu ne daban, kuma yana da tushe. Labarin Laila da Majnun, wanda mawaƙin Farisa Nizami ya tsara a ƙarni na 12, labarin so ne, amma a kabari ya ƙare. Haka Romeo da Juliet. In aka ɗauki irin wannan aka yi masa bangon littafin soyayya na zamani, mai karatu ta kai ƙarshe ta tarar da gawa, tauraro ɗaya cikin biyar, wato mafi ƙarancin maki, za ta bayar ko da rubutun ya kai zinariya, don ba abin da aka ce mata za ta samu ke nan ba. Irin wannan ce-ce-ku-ce ya biyo bayan It Ends with Us na Colleen Hoover, wanda ya fito a 2016 ya kuma yi tashe a TikTok bayan wasu shekaru: cin zarafi a gidan aure ne jigonsa, amma da yawa sun saye shi da zaton labarin soyayya ne mai sanyaya rai.

Ba ina cewa duk abin da masoya suka yaba ya wuce suka ba. So hana ganin laifi. Akwai littattafai da yawa da ke ɗaukar kishi mai shaƙe mutum, da bin diddigi, da tsawa, su yi musu ado su kira su ƙauna. Wannan suka ce ta gaskiya, kuma mafi kaifinta daga cikin masu karatun take fitowa, domin su ne suka san inda ɗakin ke yoyo.

Tsofaffin finafinai su ne abin tausayi a cikin ukun, saboda alkawarin da ake tuhumarsu da karyawa ba su suka yi shi ba. Wasu ne suka yi a madadinsu. Mujallar Sight and Sound ta Birtaniya tana tambayar masana fim kowace shekara goma, tun 1952, wane fim ya fi kowanne. Citizen Kane na Orson Welles, na 1941, shi ya riƙe kambun daga 1962 har 2002. To yaro ya taso yana jin wannan, ya zauna ya kunna, ya tarar da fim baƙi da fari kan wani attajirin mai jaridu da ya mutu cikin kaɗaici. Ya jira abin mamaki bai gani ba. Dalili kuwa, dabarun da suka girgiza mutane a 1941, irin ba da labari daga ƙarshe a dawo farko ta bakin mutane daban-daban, da ɗaukar hoton da na kusa da na nesa duk suka fito tar, an kwaikwaye su har sun zama ruwan dare. Ya riga ya ga jikokin kafin ya ga kakan. Haka mai kallon Psycho na 1960 a yau: Alfred Hitchcock ya hana a bar kowa shiga silima bayan an fara fim ɗin don kada a ɓata wa mai kallo sirrin labarin, yanzu kuwa sirrin ya zaga duniya.

In ka ji wane ba banza ba, gaskiya ne. Amma yana da kyau a san yadda wanen ya zama wane. A zaɓen 2012 Vertigo na Hitchcock ya ture Citizen Kane, alhali lokacin da ya fito a 1958 ra'ayin masu sharhi a kansa rabe yake. A 2022 aka faɗaɗa masu zaɓen daga 846 zuwa 1,639, sai ga Jeanne Dielman na Chantal Akerman, fim ɗin 1975 mai tsawon fiye da awa uku kan rayuwar wata mata a cikin gidanta, ya zo na ɗaya. Finafinan ba su canza ba, masu jefa ƙuri'ar ne suka canza. It's a Wonderful Life bai yi kasuwar kirki ba a 1946. A 1974 aka yi sakacin sabunta haƙƙin mallakarsa, gidajen talabijin na Amurka suka samu abin nunawa a sauƙaƙe, suka yi ta maimaita shi kowane ƙarshen shekara har ya shiga jinin mutane. Sholay na Indiya ya fito a watan Agustan 1975, masu sharhi suka yi masa ca, makonnin farko kasuwa ta yi sanyi, sai bakin 'yan kallo ya ɗaga shi har ya shafe fiye da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. The Thing na John Carpenter, fim ɗin tsoro kan wata muguwar halitta daga sama, ya sha zagi a 1982, ya fito makonni biyu bayan E.T., lokacin da mutane ke son baƙon sama mai tausayi. Yau ana koyi da shi.

Masu cewa finafinan da sun fi na yanzu su ma akwai abin da suke mantawa. Abin da ya iso gare mu tatacce ne. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2013 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar na zamanin da babu sauti sun ɓace gaba ɗaya. Na zamanin sauti ma, tarkacen da aka yi ta fitarwa kowane mako ba wanda ke tuna su. Muna gwada zaɓaɓɓun shekara 50 ne da duk abin da ya fito bana.

Sannan ga abin da zamani ya tona. Gone with the Wind na 1939 ya ƙawata zamanin bauta a kudancin Amurka. Hattie McDaniel, wadda ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar saboda rawar da ta taka a cikinsa, a wani teburi na gefe aka zaunar da ita a daren bikin, nesa da abokan aikinta. A 2020 dandalin nuna finafinai ta intanet na HBO Max ya janye fim ɗin na ɗan lokaci, ya dawo da shi da gabatarwa mai bayanin tarihi. Mai kallon da ya ce wannan ya ɓata masa fim ɗin, ba rashin fahimta ke damunsa ba. Ya ga abin da ke ciki ne.

Duk wannan sai a matse shi a mayar da shi lamba ɗaya. Shafin intanet na Rotten Tomatoes, mai tattara sharhin finafinai, kason masu sharhin da suka ce fim ya yi yake ƙirgawa, ba zurfin yabon ba, don haka fim ɗin da kowa ya ce "ba laifi" zai iya samun 100, wanda rabi suka haukace a kansa rabi suka tsana ya tsaya a 50. A Goodreads kuwa, shafin da masu karatu ke ba littattafai taurari, littafi na biyar a jerin labari yakan fi na farko maki, saboda waɗanda ba su so na farkon ba sun riga sun sauka a hanya. Ni dai na daina duba lambar. Masu taurari uku nake nema, don su ne suka fi faɗin dalili, sannan in duba me mutum ya zo nema kafin in saurari abin da ya ce ya samu.

Akwai labari ɗaya da ya haɗa nau'o'in nan uku a jikinsa. Daphne du Maurier ta fitar da Rebecca a 1938: yarinya marar gata ta auri attajiri, ta tare a katafaren gidansa, ta tarar inuwar matarsa ta farko da ta mutu ta cika ko'ina. An tallata shi a matsayin labarin soyayya, mutane da yawa kuma haka suka karanta shi. Ita marubuciyar cewa ta yi nazarin kishi ta rubuta. Masu son tsoro suna ƙirga shi a nasu, ko da yake babu fatalwar da ta taɓa bayyana a ciki. Hitchcock ya mayar da shi fim a 1940, kuma shi kaɗai ne a finafinansa ya ci Oscar na fim mafi kyau. Sai dai dokar tace finafinai ta Hollywood a lokacin ba ta yarda mai kisa ya tsira ba tare da hukunci ba. A littafin, mijin harbe matarsa ta farko ya yi. A fim ɗin, faɗuwa ta yi ta mutu. Wanda ya kalla ya ce mijin abin tausayi ne, da wadda ta karanta ta ce amaryar ta ƙare rayuwarta a hannun mai kisan kai, sukan yi ta musu har dare ya raba, ba tare da ɗayansu ya san cewa ba mutum ɗaya suke magana a kai ba.